Iƙamar Lebura

"Ba ni iƙamarka in gani."

Abin da Alhaji Shakir ya fara faɗa ke nan bayan an gama gaisawa. Ko shayin da aka ajiye wa Nu'uman bai huce ba.

Nu'uman ya yi murmushi, ya zaci wasa ne. Wata bakwai yana zuwa wannan gida na unguwar Jaradiya a birnin Riyad, wajen Muhibba, 'yar autar tsohon, kuma yau Juma'a ce aka ce ya zo bayan la'asar a tsayar da magana. Ya ci farar shadda, ya sha turare. Da ya ga babu alamar wasa a fuskar Alhaji, sai ya zaro iƙamar, wato katin izinin zamansa a ƙasar, ya miƙa da hannu biyu.

Alhaji ya sa tabarau. Bai dubi hoto ba, bai dubi suna ba. Kai tsaye ya tafi layin da ake rubuta sana'ar mutum.

"Amil. Ka san ma'anar amil?"

"Na sani, Baba. Lebura."

"To ba kai ne ka zauna nan ka ce mini kana da difloma ba? Ka ce kai ke gyaran lif a dogayen benayen Ulayya, har kana da mutum goma sha biyu a ƙarƙashinka?"

"Wallahi gaskiya ne, Baba. Kamfanin namu yana da reshe a ƙasashe da yawa. Shekara biyar na yi a reshen Legas kafin su yi mini canji zuwa nan. Lokacin da za su kawo ni, bizar ƙwararru da aka ba su ta ƙare, ta lebura ce kawai ta rage. Suka ce in shigo da ita, za a gyara daga baya."

"Yaushe ke nan?"

"Shekara uku."

Alhaji ya cire tabarau ya daɗe yana kallonsa.

"Yaro, ɗayan biyu ne. Ko dai kai lebura ne ka yi mini ƙarya, ko kuwa gaskiya ka faɗa, kana aikin da ba shi ne a katinka ba. Ka ga kamen da aka yi bara? Maƙwabtana uku aka kwashe a kan irin wannan, da takalmin wanka aka sa su a jirgi. Kuma bari in gaya maka abin da ba ka sani ba. Lebura ba ya riƙe mata a ƙasar nan. Ba za a mayar da ita kan iƙamarka ba."

"Baba, ai abin da na zo da shi ke nan. Kamfani za su sake yi mini canji zuwa reshensu na Kanada. Nan da sati uku za a shigar da takardu. In akwai aure, tare za a nema mana biza da ita. In babu, ni kaɗai za a nema wa, sai daga baya a sake sabon nema."

"Daga baya." Alhaji ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Mutanen da suka ce maka daga baya shekara uku da suka wuce, su ne za su kai 'yata Kanada?"

Ya ajiye katin a kan darduma ya tura masa da yatsa.

"Sha shayinka ka tafi. Ba na faɗa da kai, amma ba zan ba ka ba."

Nu'uman bai san yadda ya sauko daga benen ba. Ya shiga motar kamfani ya zauna, bai kunna ba. Sai ga waya. Muhibba ce, muryarta ta riga ta dusashe.

"Nu'uman, shekara uku? Yani shekara uku kana yawo da wannan katin a aljihu?"

"Muhibba, ki saurare ni."

"La, kai za ka saurare ni. Ina bayan labule, duk na ji. Ka san wa ya gaya wa Abba? Amir ne. Ka tuna ranar da ka je shagonsa a Batha ka sayi layin waya, ya karɓi iƙamarka ya yi kwafi? Tun ranar yake riƙe da maganar, sai da ya ji an sa maka rana ya kawo ta."

Amir ɗan aminin Alhaji ne, a Riyad aka haife shi. Shekara biyu yana neman Muhibba tana ƙi. Katinsa kuwa tsaf yake, an rubuta masa wakilin tallace-tallace, sana'ar da ke ba mutum damar riƙe iyali.

"Bai yi ƙarya ba," in ji Nu'uman a hankali. "Ni ne na yi sakaci. Albashina na ƙwararre ne, aikina na ƙwararre ne, sai na ga meye a cikin kalma ɗaya."

"Kalma ɗaya!" Ta fashe da kuka. "A Najeriya kalma ɗaya ce. A nan ita ce mutum. Ni a nan aka haife ni, shekarata ashirin da shida, har yau a takarda ni 'yar rakiyar Abba ce. Na yi karatun haɗa magani, ba ni da izinin aiki. Ƙarshen shekarar nan kafilin Abba, wanda ya tsaya masa a ƙasar nan, ba zai sabunta masa iƙama ba, ya tsufa, halas, fita ce ba dawowa. Ko in bi su Katsina da na taɓa gani sau biyu, inda yara ke yi wa Hausata dariya, ko in auri Amir in zauna. Kai ne ka zo ka buɗe mini ƙofa ta uku. Don me ka buɗe ta in ba ka da makulli?"

"In Kanada ce matsalar, wallahi gobe zan ce musu na fasa."

"Ka fasa ka zauna a matsayin me? Lebura? Kada ka ƙara mini ciwon kai, don Allah."

Idonsa ya ciko, ya goge da hannun rigar da ya ba da guga tun Laraba.

"Muhibba, kina nan?"

"Ina zan je?" Ta ja hanci. "Ka je ka gyara katinka. Ni zan ji da Abba."

Kwana huɗu Muhibba ba ta ci abincin kirki ba. Ranar Talata Amir ya zo da kwalin dabino da turaren wuta, ya zauna a falo yana zuba Larabci da Alhaji kamar ɗan gida. Aka ce ta fito su gaisa. Ta fito da niƙabi, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Amir, kowa ya sayi layi a wurinka sai ka karanta masa kati ka kai gidan surukansa, ko Nu'uman kaɗai ka yi wa wannan hidimar?"

"Don kare ki na yi, ya binti ammi, 'yar baffana."

"Shukran. Ka kare ni daga nesa."

Ta juya ta shige. Amir bai ƙara minti biyar ba ya yi sallama.

Alhaji ya bi ta har kicin, inda uwarta Hajiya Zaituna ke yanka albasa.

"Ni za ki kunyata a gaban baƙo?"

Muhibba ta durƙusa, hawaye na zuba.

"Abba, ka yafe mini. Amma kai ma da ka auri Umma, ba direba aka rubuta a katinka ba? Ba ta aure ka ba?"

"Ta aure ni. Tambaye ta abin da ya biyo baya." Tsohon ya nuna Hajiya da yatsa. "Shekara goma sha ɗaya tana Katsina ina nan. Wata ɗaya nake zuwa a shekara biyu. Yayanki na fari ya rasu ina tuƙa tankar ruwa a hanyar Harj, sai bayan kwana arba'in wasiƙa ta iso ni. Shekara goma sha ɗaya ina bin ofis-ofis, na koyi kowace taga, kowane hatimi, kafin aka canza mini sana'a na kawo ta. Ni na san abin da layin nan yake yi wa mace. Ba zan sa ki a ciki da hannuna ba."

Hajiya ba ta ɗago kai daga albasarta ba.

"Alhaji, ni ce na yi jiran, ba kai ba. Kuma ban taɓa cewa na yi da-na-sani ba."

"Ke ma kin koma bayanta?"

"Ni ban koma bayan kowa ba. Na dai ce yaron nan ya taɓa fitar da ni daga lif a asibiti, minti arba'in muna maƙale, ya buɗe, ya kawo mini kujera da ruwa. Lebura ko injiniya, ni dai na ga aikinsa."

Alhaji ya yi tsaki ya ɗauki carbinsa ya tafi masallaci tun ba a kira ba.

Shi kuwa Nu'uman, abin ya ƙara cakuɗe masa. Lauyar kamfani da ke shirya takardun canjin ta kira shi daga can hedikwata. Ta ce irin wannan bizar ta masu ƙwarewa ce da kamfani ke ɗauka daga reshe zuwa reshe, dole a nuna ya yi aikin ƙwararre ba yankewa. Wasiƙar kamfani ta ce ƙwararre, katin zamansa ya ce lebura. Ta ce ba za ta shigar da takardu biyu suna ƙaryata juna ba. Ya ruga wajen mu'aƙƙibin kamfani, wato mutumin da ke bin musu takardu a ofisoshin gwamnati, wani Balarabe da ake kira Abu Nayif. Abu Nayif yana danna waya ya ce masa canjin sana'a wata shida ne, in an yi sa'a.

Ranar Asabar da safe Nu'uman ya koma Jaradiya. Babu shadda, babu turare, rigar aiki ce a jikinsa. Ya sami Alhaji a ƙofar gida yana wanke tsohuwar motarsa.

"Na ce maka ba zan ba ka ba."

"Ba roƙo na zo yi ba, Baba. Na zo in gaya maka ka yi gaskiya. Katin ya tare ni a can ma. Sun ce ba za a shigar da takarduna ba sai an gyara, gyaran kuma wata shida. Kafin nan sun ba wani gurbin. Ban so ka ji daga bakin Amir, shi ya sa na zo da ƙafata. Ka ba wa Muhibba haƙuri."

Ya juya zai tafi.

"Kai, tsaya." Alhaji ya jefa soso cikin bokiti. "Wa ya ce wata shida?"

"Mu'aƙƙibinmu."

"Ƙarya yake. Kamfaninku ba shi da matsala da ofishin ƙwadago?"

"Ba shi da ita."

"To abin da ke cin lokaci shi ne takardar makaranta. Sai an kai ta Abuja, ma'aikatar ilimi ta buga, ta harkokin waje ta buga, ofishin jakadancin Saudiyya ya buga. Ina taka take? Tana can gida a ƙarƙashin katifar tsohuwarka ko?"

"Tana ɗakina, Baba. An buga mata duk wannan tun kafin in taso daga Legas."

Alhaji ya tsaya cak, ruwa na ɗiga daga hannunsa.

"Maimaita."

"An buga. Hatimi uku ne a bayanta, har da fassarar Larabci."

"Ka ba wa mu'aƙƙibin?"

"Bai taɓa tambayata ba."

"Bai taɓa tambayarka ba!" Tsohon ya ɗaga murya har wani Basudane da ke wucewa ya waiwayo. "Innalillahi! Kana jira Balarabe ya zo ɗakinka ya buɗe akwati ya ce ranka ya daɗe kawo in yi maka aiki? Ka ɗauka nan ofishinku na Legas ne da sakatariya ke bin ka da fom? Abin da na yi shekaru ina nema da hawaye, kai kana kwana a kansa kamar matashi! Wane irin karatu kuka yi ne?"

Nu'uman ya sunkuyar da kai.

"Gobe ƙarfe bakwai ka zo nan da takardar, da fasfo, da wasiƙar canjin. Kuma kada ka ɗauka don kai zan yi. Ni dai ba na iya ganin ana wulaƙanta takarda mai kyau."

A saman bene labulen taga ya motsa. Alhaji ya ɗaga kai ya harari tagar, labulen ya koma.

Lahadi da safe suka isa ofishin kamfanin. Alhaji ya sa farin taub, doguwar rigar Larabawa, da hula, ya rungumi fayil a ƙirji. Tun daga ƙofa wasu Filifinawa biyu masu rigar aiki suka tare Nu'uman da zanen waya a hannu, suna ta "muhandis, muhandis," wato injiniya, suna nuna masa wani abu da ya gagare su. Ya duba, ya ja layi da biro, ya ce su canza wani ƙaramin abu. Suka tafi da gudu. Alhaji ya gani sarai, ya wuce ciki.

Abu Nayif yana shan gahawa suka shiga. Ya ɗaga hannu ya ce bukra, gobe. Alhaji ya ja kujera ya zauna ba a ba shi ba, ya buɗe baki da Larabcin mutanen Najdu, yankin Riyad, irin na tsofaffin direbobi. Balaraben ya ajiye kofi.

Nu'uman rabi kawai yake fahimta. Ya dai ji tsohon yana lissafa takardu ɗaya bayan ɗaya, yana faɗin wadda ake fara shigarwa a kwamfuta da wadda ake kaiwa da hannu. Ya ji ya ce in aka zo bincike aka sami mai sa hannu a kan lafiyar lif da katin lebura, ba yaron kaɗai za a kama ba, har wanda aka ɗauka aiki don ya gyara bai gyara ba. Daga nan ya kwantar da murya, ya tambayi Abu Nayif ɗan wane gida ne. Da aka faɗa, sai Alhaji ya ce ya taɓa kai wa kakansa ruwa gona a shekarar da aka yi fari. Ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba, Allah masani. Amma Abu Nayif ya tashi da kansa ya zuba masa gahawa, yana ce masa ya ammi, wato baffana.

Kafin azahar an shigar da neman canjin. Abu Nayif ya ce kwana goma. Alhaji ya ce bakwai, kuma zai dawo ranar Laraba ya sha gahawa. Nu'uman ya kira lauya a gabansu, ta ce in sabon kati ya fito kafin ranar da aka tsayar, za ta riƙe masa gurbin.

A hanyar komawa Alhaji ne ke tuƙi. Da suka zo unguwar Murabba, cunkoso ya tsayar da su kusa da gidan tarihi.

"Kanadar nan, akwai masallaci?"

"Akwai, Baba. Abokan aikinmu biyu Musulmi ne a reshen, na tambaye su."

"Za a bar ta ta yi aikin maganinta?"

"Lauya ta ce matar ma'aikaci tana iya neman izinin aiki. Sai dai za ta sake jarrabawa."

"Za ta ci. Kanta ya fi naka." Ya gyara madubi. "Wa ke karɓa maka aure?"

Nu'uman ya juyo da sauri har kansa ya bugi gilashi.

"Baba?"

"Kurma ne kai? Na ce wa ke karɓa maka?"

"Ƙanen mahaifina, yana Zariya."

"Ka kira shi yau ya wakilta wani a nan. Ba zan ɗaura ba sai na riƙe sabon katin a hannuna na karanta da idona. Ranar da ya fito, washegari mu je kotu a rubuta, don takardar aure ta shiga tare da sauran. Na ga alama in na bar ka, sai jikoki sun girma ba a rubuta ba."

Nu'uman ya matso kusa da shi. Ya kama hannun tsohon da ke kan giya da hannu biyu, hawaye na sauka a kan rigar aikinsa.

"Sakar mini hannu, tuƙi nake."

Alhaji ya lalubo waya ya kira gida, ya sa a kunne.

"Zaituna, ki ce wa yarinyar nan ta ci abinci. E. E, na ce e. To meye na kuka kuma? Ke da ita duk ku yi mini shiru." Daga cikin wayar wata guɗa ta tashi, har direban motar da ke gefe ya leƙo. Alhaji ya kashe da sauri ya jefa wayar a aljihu.

Motoci suka fara motsi. Ya daɗe yana kallon hanya, sannan ya yi gyaran murya, kamar maganar ba ta dame shi ba.

"Can ɗin, ana barin tsoho ya je ya ga 'yarsa?"

"Ana bari, Baba. Akwai bizar ziyara. In sha Allahu da mun zauna ni zan nema muku, kai da Umma."

"Kai?" Alhaji ya dube shi ta gefen ido, ya sa giya. "Kai da takarda? Ka dai aiko mini da fom ɗin. Ni zan cike abina."